Kibiyoyin Uwar Ofis

Ranar da na ce zan buga takardar jarrabawata da hannuna, sai da na sanar da kowa. Halina ke nan, ba na fara abu a ɓoye, shi ya sa ko faɗuwa zan yi sai a gaban jama'a. Na shiga ɗakin malamai, na ja kujera gaban kwamfutar da ke jikin taga, na naɗe hannun riga, na ce wa malamin kemistiri ya sa ido, kafin shayinsa ya huce na gama.

Shekarata ashirin da biyu ina koyar da fiziks a kwalejinmu. A darasinmu akwai abin da muke kira bekta, wato adadin da bai tsaya ga yawa kaɗai ba, yana da inda ya dosa. In na ce mota tana gudun kilomita sittin, lamba ce kawai. In na ce tana gudun sittin ta nufi gabas, ta zama bekta. Don a bambanta su a rubuce, sai a ɗora wa harafin 'yar kibiya a ka. A kan allo wannan ba aiki ba ne, alli ne ka ja sau ɗaya ka wuce. A cikin manhajar lissafi kuwa, sai na tarar kowace kibiya sai an bi ta ƙofa huɗu kafin a same ta. Na ɗora bakwai, gumi ya keto mini, sai dabara ta faɗo mini. Akwai wurin da ake ce wa injin ya nemo harafi kaza ya sauya shi ko'ina. Na ce ya nemo kowane "a" ya sa masa kibiya. Ya kuwa yi mini biyayyar da ban taɓa samu daga ɗalibi ba. Sunan kwaleji, sunan darasi, gargaɗin kada a leƙa takardar wani, har sunana da ke can ƙasa, duk suka fito da kibiyoyi a ka, sai ka ce an yi yaƙi a kan takardar.

Malamin kemistiri ya ce shayin ya huce tun ɗazu, har ya shanye, ya wanke kofin. Na fitar da takardar na ninke ta biyu, na bi baranda zuwa inda tun farko na san can za ta ƙare.

Ɗakin Uwar Ofis yana tsakanin ofishin shugaban sashe da ɗakin injin fotokofi. Siriri ne, in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya karkace. Tebur ɗaya mai ƙafafun ƙarfe, an cusa kwali a ƙarƙashin ƙafa ɗaya don kada ya yi rawa. Fanka da ke juyawa hagu kawai, in ta zo dama sai ta yi ƙara ta koma. Kabad mai makulli inda takardun jarrabawa suke kwana, a samansa tsohuwar tafireta lulluɓe da zane. A gefen teburin akwai kwandon waya, nan kowa yake ajiye rubutun hannunsa ya tafi.

Ta warware takardar, ta ɗaga tabarau, ta daɗe tana kallo. Ba ta yi dariya ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi.

"Ƙanena," ta ce, "duk waɗannan ina za su?"

Sannan ta nuna mini kwandon da haɓa, ta ci gaba da abin da take yi.

Sunanta na gaskiya yana cikin fayil, amma ban taɓa jin wanda ya kira shi ba. Masinja, direba, ɗalibai, har shugabanni shida da ta ga zuwansu da tafiyarsu, kowa Uwar Ofis yake cewa. Ni Yaya nake ce mata, tun ranar da na zo karɓar takardar kama aiki na tarar ita ta buga ta, ta kuma tsayar da ni ta ce in gyara botin ɗin rigata, na sa na biyu a ramin na uku, kada in shiga wurin shugaba haka.

'Yar tela ce. Mahaifinta ya so ta gaji keken ɗinki, har ta fara iya haɗa hannun riga. Amma a benen da ke fuskantar shagonsu akwai wani tsohon akawu da ya yi ritaya ya buɗe makarantar koyon tafireta, injuna biyar a ɗaki ɗaya. Ta ce mini tana zaune tana cire zare sai ta riƙa jin ƙararsu ta taga, kamar ruwan sama a kan kwano, har ta fara gane wanda ya iya da wanda yake lalube. Wata shida tana roƙon mahaifinta kafin ya ce ta je, da sharaɗin ta dawo ta share shago. Tsohon akawun doka ɗaya gare shi. Yatsu suna da gida, maɓallai takwas na layin tsakiya. Kowane yatsa ya fita ya yi aikensa ya dawo gida, ido kuma yana kan rubutun da ake kwafa, ba ya sauka kan hannu. Wanda ya kalli hannunsa sai ya ji rula a kan tebur kusa da shi. Yaya ta ce har yau in ta kalli yatsunta tana bugawa sai gabanta ya faɗi.

Mijinta mai gyaran agogo ne, mutum mai sanyi, wanda wayar hannu ta cinye masa sana'a, idonsa kuma ya ƙarasa sauran. Yanzu yana zaune a ƙofar gida yana buɗe wa maƙwabta rediyo da fitila. 'Ya'yansu uku duk sun kama gabansu. Ita ce take fita da safe, shi yake yi mata rakiya zuwa bakin titi ya riƙe mata jaka har mota ta zo. Ƙarfe bakwai da rabi tana ofis, kafin mai shara. Ta goge tebur, ta jera takardu, ta ajiye kwanon abincinta a bayan kabad inda rana ba ta kaiwa.

A zamanin tafireta babu kibiya a jikin inji, don haka aikin hawa biyu ne. Za ta buga takardar gaba ɗaya a kan sitensil, wannan takarda mai kakin zuma da ake gurza kwafi da ita, tana barin rabin layi a saman duk inda lissafi yake. In ta gama sai ta zare ta, ta shimfiɗa a kan gilashi, ta ɗauki rula da wani alƙalami mai bakin ƙarfe, ta bi haruffan ɗaya bayan ɗaya tana zana kibiya. In ta danna da ƙarfi takardar ta yage, in ta sassauta tawada ba za ta ratsa ba. Na sha tsayawa a bakin ƙofa ina kallonta, ni da ba na iya tsayawa shiru. Kibiyoyinta duk tsawonsu ɗaya, kansu ɗaya, kamar an haife su rana ɗaya.

Ba ta san fiziks ba, kuma ba ta taɓa cewa ta sani ba. Ta ce ita ba ma'anarsu ta sani ba, fuskokinsu ta sani. Mu kuma malamai kowa da yadda yake nuna bekta a rubutun hannu. Wani ya ja layi a ƙasa. Wani ya yi wata 'yar tsutsa. Tawa kibiyar, in ji ta, ƙugiyar kamun kifi ce. Duk ta san hannun kowa, ta mayar da su abu ɗaya, yadda ɗalibin da ya fito daga ajina ya shiga na wani ba zai ji kamar ya sauya ƙasa ba.

Da kwamfuta ta zo, mutane suka ɗauka ta gama yawo. Cikin wata biyu ta fi kowa gudu a kai, don haruffan suna inda ta bar su. Wasiƙu, jadawali, sanarwa, kafin ka gama bayani ta miƙo maka. Lissafi kuwa ta ci gaba da yi masa tsohon hali, ta buga, ta fitar, ta bi da biro da rula. Shekaru muka yi a haka ba wanda ya ce uffan, har aka kawo mana sabon shugaba.

Dakta muke ce masa. Ba mugu ba ne, gara in faɗi wannan tun yanzu, don na san bakina. Matashi ne mai tsabta, mai zuwa a kan lokaci, yana gaida masinja da sunansa. Sai dai komai yana son ya gan shi a lissafe. Ya ce daga yanzu takardun jarrabawa za a riƙa tura su wa masu tantancewa na waje ta kwamfuta, saboda haka kibiyar biro ta ƙare, dole komai ya kasance cikin manhajar. Ya ce wanda zai iya buga tasa ya buga, abin da ya kai ni ga abin kunyar da na fara da shi ke nan. Wanda ba zai iya ba ya kai wa Uwar Ofis.

A gwajin tsakiyar zango kusan kowa ya kai mata, aikin kuma ya tsaya cak. Kowace kibiya sai ta ɗauke hannun dama daga gida, ta kama linzamin kwamfuta, wanda take kira ɗan ɓeran nan saboda jelarsa, ta buɗe jeri, ta nemo alama, ta danna, ta shiga ɗan akwatin da ya fito, ta sa harafi, ta fito, sannan ta lalubo gida. Kuma dole ta kalli hannunta. Takardata kaɗai tana da kibiya ɗari da arba'in. Abin da take gamawa kafin azahar ya koma cin kwana uku. Wuyan hannunta ya kumbura, ta fara zuwa da bandeji a ƙarƙashin hannun riga, tana tsammanin ba mu gani ba.

Dakta ya kira ta, ya kira ni, don a shekarar ni aka ɗora wa kula da jarrabawa. Ya yi magana a tsanake. Ya ce jarrabawar ƙarshen zango takarda ashirin da uku ce, kwana biyar ne tsakanin karɓa da turawa. In ta iya, teburinta nata ne. In abin ya fi ƙarfinta, ba korarta za a yi ba, za a mayar da ita ɗakin tsofaffin fayil, albashinta yana nan yadda yake, a kai bugun waje. Ɗakin fayil yana can bayan gidan janareta. Kwan fitila ɗaya, babu taga, babu mai zuwa sai wanda takardar shaidarsa ta ɓata. Saura shekara uku ta yi ritaya. Ta ce to, ta gode, ta tashi. A baranda ta tsaya ta gyara mayafi, ta ce mini ita dai a teburin nan ta fara, a nan take so ta ajiye aiki.

Na kwana biyu ina juya abin, sai na samo mata mafita, kuma har yau ina ganin ba mafitar banza ba ce. A manyan littattafai ba a sa kibiya, harafin bekta kawai ake yi wa kauri. Kauri kuwa maɓalli biyu ne, hannu ba ya barin gida. Na kai wa Dakta, ya ce ai haka duniya take yi, ya amince nan take. Na shiga ɗakin Yaya ina taku kamar wanda ya dawo daga farauta, na zayyana mata.

Ta saurare ni har na gama, abin da ba kowa yake iyawa ba. Sannan ta jawo shafi ɗaya na takardata ta buga shi da kaurin, ko minti huɗu bai ɗauka ba. Ta fitar, ta ce in biyo ta. Injin fotokofinmu ya girmi wasu malaman. Ta ɗora shafin ta yi kwafi. Ta ɗauki kwafin ta sake yin kwafinsa, don haka ake yi ranar jarrabawa in takardu suka gaza, masinja ya ruga da wadda ke hannunsa. Ta miƙo mini na ƙarshen, ta ce in nuna mata bekta.

Na kai shi jikin taga. Na cire tabarau, na mayar. Haruffan duk sun yi kauri ɗaya, masu ƙiba sun rame, ramammu sun kumbura. Ni na rubuta tambayar, amma sai da na karanta ta daga farko kafin in tuna wanne ne wanne.

"Kai ka san amsar," ta ce. "Yarinyar da ke layin baya, ita wa zai gaya mata?"

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce mata ni teburinta nake nema mata, ita tana nema wa ɗakin fayil ma'aikaciya. Na ce ɗalibi mai hankali zai gane daga zancen. Ta ce mai hankali ba ya bukatarta, sauran ne take yi wa aiki. Ta karɓi takardar ta yage ta gida huɗu, don ko shafin gwaji ba ta bari ya fita daga hannunta da rai, ta koma ɗakinta.

Kusan mako uku ban shiga ba. In na wuce ina ganinta lokacin hutun rana, kwanon abinci a rufe, ta sauko da ɗaurin tsofaffin takardun jarrabawa tana bi da fensir. Na ɗauka haɗa kayanta take yi. Sai wata Talata mai gyaran kwamfutocinmu, wani dattijo da ba ya son magana, ya tare ni ya ce Uwar Ofis ta yi masa wata tambaya, wai in mutum ya koya wa inji ƙarya, injin zai lalace? Ya ce mata a'a. Ya tambaye ni ko lafiya take.

Da na je, ba ta yi mini maganar fushina ba, ta ce in ja kujera. Ashe tun zuwan kwamfuta akwai abin da yake ba ta haushi. Injin yana da karambani, ta buga kalma sai ya sauya ta da kansa, wai gyara yake yi mata, ita da aka koya wa aiki da rula. Rannan ya sauya mata lambar wani darasi sau uku, ta shiga neman inda za ta rufe masa baki. Sai ta faɗa kan wani dogon jeri mai gida biyu. Gidan hagu, in an buga kaza. Gidan dama, a mayar da shi kaza. A sama kuma ga gurbi biyu babu komai, suna jira. Ta ce ta fi minti goma tana kallon gurbin nan. In shi yake yanke abin da yake kuskure da abin da yake daidai, kuma ga ƙofa a buɗe, me zai hana ta gaya masa cewa wani abu kuskure ne, gyaransa kuma harafi mai kibiya?

Takardun da take bi da fensir na shekara goma ne. Tana son ta san haruffa nawa muke ɗora wa kibiya. Ta ce duk cika bakinmu, mu malaman sashen nan kaf, haruffa goma sha huɗu muke juyawa. Da farko ta sa in ta buga harafi sau biyu ya zama bekta, sai ta ga kibiya tana tsirowa a tsakiyar kalmomi masu harafi biyu a jere. Ta ce a ranar ta kusa zama ni. Ta goge duka ta sake. Ta zaɓi alamar da ke ƙarƙashin ƙaramin yatsan dama, wadda ba mai amfani da ita a lissafinmu, tana zaune a gida shekara da shekaru ba aikin yi. Harafi, sannan alamar sau biyu. Ta shigar da goma sha huɗun ɗaya bayan ɗaya, ta ƙara uku masu 'yar hula maimakon kibiya, da doguwar kibiya mai rufe haruffa biyu ta masu lissafin zane.

Ta ɗauko rubutun hannuna daga kwando, ta kafa shi a gefe, ta ɗora yatsu. Idonta bai sauka ba ko sau ɗaya. Ni nake kallon gilashin kwamfutar, ina ganin kibiyoyi suna sauka kan haruffa kamar tsuntsaye a kan waya. Ɗan ɓeran yana can gefe, ta juya shi rigingine. Ƙarar da na ji ita ce irin wadda ta ba ni labari, ta benen da ke fuskantar shagon mahaifinta.

Makon jarrabawa ta karɓi takarda ashirin da uku ranar Litinin da safe. Ranar Alhamis kafin la'asar ta kulle kabad ta kai wa Dakta makulli. Kwana huɗu.

Da a nan labarin ya tsaya da na fi kowa jin daɗi. Amma akwai taron sashe ranar Juma'a, kuma akwai ni. Da aka zo kan batun jarrabawa na miƙe, ba wanda ya ce in miƙe. Na ba da labarin tun daga fensir har ƙaramin yatsa, na ƙara gishiri inda ya kamata da inda bai kamata ba. Na kwaikwayi yadda ta kifar da ɓera, ɗaki ya ɗauki dariya. Don in nuna girman abin, sai na ce dabarar tana da sauƙin da ko ni zan iya, ko malamin kemistiri ma in an yi haƙuri da shi. Aka sake dariya. Dakta bai yi ba. Ya ajiye biro ya dube ni.

"Ke nan kowa zai iya buga tasa?"

Na ji kamar an zare mini kujera. Na fara kame-kame, na ce ai sai da gwaninta, ai yatsu ba ɗaya ba ne. Ya ce a roƙi Uwar Ofis ta rubuta matakan a raba wa kowa, sauran maganar zai duba. Aka wuce batu na gaba, na gyaran famfon bayan gida, ban ji ko kalma ɗaya ba.

Daga taron ɗakinta na wuce. Na rufe ƙofa, abin da ba a yi, na gaya mata abin da bakina ya jawo. Na ce akwai hanya. Ta ce a kwamfutarta kaɗai abin yake aiki. Ko ta ce da ka ta yi, ba ta tuna matakan. Mai gyara ba zai tona ba, shi da ba ya magana, ni kuma zan rantse a kai. Shekara uku ce kawai, wa zai bincika?

Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi. Ta ce shekara talatin da ɗaya tana riƙe da tambayoyin jarrabawa a cikinta, an zo mata da kuka, an zo mata da zumunci, ɗan ƙanwarta ma ya yi karatu a nan, ba wanda ya ji ko harafi. Wannan shi ne sirrin da aka ba ta, kuma ta riƙe. Na biyun ba sirri ba ne, gurbi ne da ta tarar a buɗe. Ta ce in ta zauna a teburin nan da ƙarya, kullum da safe sai ta goge shi sau biyu. Ta ce in buɗe ƙofa, zafi ya yi yawa.

Ranar Litinin kowa ya tarar da shafi ɗaya a akwatin wasiƙunsa. Matakai shida, da jerin haruffan a gida biyu, da gargaɗi a ƙasa cewa kada a yi amfani da harafi biyu a jere. Ba ta sa sunanta ba. Matasan malamai suka ɗauka cikin mako guda, wani har ya ƙara nasa haruffan ya zo yana nuna mata, ta yaba masa da gaske. Kwandon waya ya fara yin sauƙi. Da can sai ka danna takardarka kafin ta zauna, yanzu ana ganin ƙasansa. Wata rana na leƙa na same ta tana bin tsakanin maɓallai da auduga a kan tsinke, maɓallan da ba su da datti.

A makonnin nan na yi tunani fiye da yadda na saba. Ni aikina magana ne. In na faɗi abu a aji ya tashi a iska, gobe in sake faɗa a sake biyana. Ita kuwa duk abin da ta iya a takarda yake sauka, kowa ya ɗauka ya tafi da shi. Shekaru ina ɗaukar Yaya kamar fankar ɗakinta, abin da yake nan kullum yana juyawa. Ban taɓa tambayar kaina ba ko ɗalibai nawa ne suka ci jarrabawata saboda wata mata da ba ta san fiziks ba ta ƙi yarda harafi ya fita tsirara.

Dakta bai kira ta ofishinsa ba, shi ya zo. Ina ɗakin fotokofi, bangon kuma katako ne, ba laifina ba ne. Ya ce mata shi kwana biyar ya ba ta, ta yi a huɗu, shi kuma ba ya mayar da magana. Teburin nata ne har ranar da za ta ajiye, takardun ƙarshen zango duk ta hannunta za su bi. Amma ba zai ɓoye mata ba, daga ita ba za a sake ɗaukar mai buga takardu a sashen nan ba. Shafin da ta raba shi ya nuna masa za a iya. Ya ce akwai wasiƙar da za a aika wa hukumar kwaleji a kan haka, in ba ta so ta buga zai buga da kansa. Ta ce ya ajiye a kwando.

Na bari ya fita, na ƙirga ashirin, na shiga da wata takarda a hannu don kada a ce gulma ta kawo ni. Har ta fara buga wasiƙar. Bandejin ba ya hannunta. Na tsaya a jikin taga na ce na ji komai, ta ce ta sani, ta ji injin fotokofin ya yi shiru. Na yi mata barka. Sannan na ce abin da ya kawo ni, wanda na yi mako uku ina shiryawa, kuma da ya fito bai kai rabin yadda na shirya ba. Na ce ita dai ta tsira da teburin, amma ni na rufe ƙofar a bayanta. Wata yarinya tana can wani wuri tana koyon bugu, da ta zo ta gaje ta. Na ce, Yaya, da na yi shiru a taron nan, da yanzu ba wannan wasiƙar kike bugawa ba.

Yatsunta ba su tsaya ba, idonta yana kan rubutun Dakta.

"Da ka yi shiru, ƙanena, da asibiti muka kai ka. Sa takardarka a kwando ka matsa, ka tare mini haske."